Zamewar da Aka Bari a Wajen Lissafin Boris

Duk injiniyan da aka damƙa wa kula da injuna a Riyad, ko na jiragen ƙasan cikin gari ne da suka fara ɗaukar fasinja a Disambar 2024, ko na famfunan da ke turo tataccen ruwan teku daga Jubail, tafiyar sama da kilomita 400, yana da littafin kamfanin boris kusa da hannunsa. A cikin littafin akwai lissafin da ke faɗin tsawon ran kowane boris, kuma ba shi da wuya: ga boris mai ƙwallaye, a raba ƙarfin boris da nauyin da zai ɗauka, a ninka amsar da kanta, a sake ninkawa, abin da ya fito shi ne yawan miliyoyin juyin da 90 cikin 100 na irin wannan boris za su yi kafin fuskarsu ta fara ɓarewa. A rage nauyi da rabi, rai ya ninka sau 8. Mu da muke wannan sana'a da wannan lissafi aka yaye mu, kuma ba na cikin masu raina shi. Sai dai an gina shi a kan zato biyu, cewa 'ya'yan boris mirginawa suke yi zalla, kuma cewa ajalin boris daga ƙarƙashin fatar ƙarfe yake tasowa. Abin da nake son nunawa shi ne, tarihin fanninmu na shekaru ɗari da suka wuce tarihi ne na dawo da zamewa cikin lissafin da aka cire ta, cewa har yau aikin bai kammala ba, kuma gari mai zafi da ƙura irin Riyad shi ne inda wannan giɓi ya fi cin kuɗi.

Ba jahilci ne ya sa aka bar zamewa a waje ba, domin an san da ita tun kafin boris ya zama hajar kasuwa. A 1876 Osborne Reynolds, yana koyarwa a Manchesta, ya mirgina dunƙulen ƙarfe a kan roba ya ga tazarar da ya ci ba ta yi daidai da kewayensa ba, ya gane cewa inda abu biyu suka matsu da juna fatarsu na miƙewa da tsukewa, don haka dole wani sashe na wurin haɗuwar ya goga. A 1882 Heinrich Hertz ya wallafa lissafin matsin da ke tsakanin abubuwa biyu masu lanƙwasa, wanda har gobe shi ne harsashinmu, amma don lissafin ya yiwu sai da ya ɗauka cewa fuskokin sumul suke kuma babu gogayya. Wanda ya kawo maganar cikin boris kai tsaye shi ne Heathcote a Ingila a 1921. Ɗan boris yana tafiya ne a cikin kwarin zobe wanda ya kusa rungume shi. Tsakiyar kwarin na taɓa shi a inda ya fi kauri, gefunan kuma a inda ya fi siranta, alhali shi abu guda ne mai juyi guda. Sakamakon haka layuka biyu ne kawai a wurin haɗuwar ke mirginawa tsantsa. Tsakaninsu fatar na zamewa baya, wajensu tana zamewa gaba. A boris ɗin da ke ɗaukar nauyi a karkace, ɗan boris har wani juyi yake yi a kan ƙafarsa. A mai gangar 'ya'ya irin na kamfanin Timken, kan kowace ganga yana gogar leɓen zoben ciki muddin injin na aiki. Ga kuma kejin da ke riƙe 'ya'yan, wanda duk rayuwarsa guga ce.

To me ya sa masanan da suka san duk wannan suka kawar da kai? Saboda ƙarfen zamaninsu. Lokacin da Arvid Palmgren na kamfanin SKF a Suwidin ya fara wallafa hanyar ƙiyasta ran boris a 1924, ƙarfen da ake narkawa cike yake da ƙananan tsakuwoyin datti da suka maƙale a cikinsa. Lissafin Hertz ya nuna cewa inda ƙarfe ya fi shan murɗa a ƙarƙashin ɗan boris ba a saman fata ba ne, yana can ƙasa kaɗan, zurfin da bai kai milimita ba. Duk wucewar ɗan boris sai wurin ya matsu ya saki, kamar yadda ake lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye ba tare da an taɓa ja ta da ƙarfin da zai tsinka ta ba. Idan akwai tsakuwar datti a daidai wannan zurfi, daga nan tsaga ke farawa, ta yi ta rarrafe har ta ɓullo sama ta ɓantare ɓawo. A 1947 da 1952 Palmgren da Gustaf Lundberg na jami'ar Chalmers suka haɗa wannan fahimta da lissafin yiwuwar karyewa na Waloddi Weibull, suka gwada shi da ɗimbin boris a ɗakin gwaji, suka fitar da abin da ya zama ma'aunin duniya. A ganina sun yi daidai. Boris ɗinsu daga ciki yake mutuwa tun kafin zamewa ta gama aikinta a sama, kuma mai hankali yakan lissafa abin da ke kashe kayansa ne. Illar ita ce nasarar lissafin ta sa ɗalibai na bayansu suka ɗauki zaton a matsayin halittar boris.

Akwai muryar da ta saɓa tun da wuri, ba a dai saurare ta sosai ba. A 1935 Stewart Way na kamfanin Westinghouse a Amurka ya nuna cewa ramukan da ke fitowa a kan gangunan gwajinsa daga tsagar saman fata suke farawa, cewa ba sa girma sai da mai a wurin, kuma idan aka goge fuskar ta yi sumul ko aka sa mai mai kauri sai su ƙi fitowa. Abin da ya ba maganarsa nauyi daga baya abu biyu ne. Na farko, an gano yadda mai ke aiki a wurin haɗuwa. Aikin Ertel da Grubin ya fitar a Rasha a 1949, sannan na Dowson da Higginson a Leeds a 1959, sun nuna cewa a ƙarƙashin matsi mai tsanani mai na daskarewa na ɗan lokaci ya raba ƙarfe da ƙarfe da shimfiɗar da galibi ba ta kai maikiron guda ba, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Na biyu, masu narka ƙarfe sun tsabtace sana'arsu. Buƙatar injin jirgin sama bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta kawo narkawa a tukunyar da aka zuƙe wa iska, kuma daga shekarun 1960 wannan tsabta ta gangaro har kan ƙarfen boris na yau da kullum. Da dattin ciki ya ragu, sai boris ya fara wuce lissafin littafi a ɗakin gwaji nesa ba kusa ba, amma a filin aiki ya ci gaba da mutuwa, yanzu daga sama. Tibor Tallian ne a 1967 ya tsara maganar yadda ta zauna mana: hanyoyin mutuwar boris tsere suke yi da juna, wadda ta riga isowa ita ke ɗauka, kuma abin da ke yanke hukunci a saman fata shi ne kaurin shimfiɗar mai idan aka gwada shi da kaushin fuskokin biyu.

Nan ne wani zai ce, kuma abokan aiki da yawa sun faɗa, ai zamewar cikin boris 'yar kaɗan ce, gogayyar da ke tare da ita kuma ba ta kai a damu ba. Hujjarsu tana da ƙarfi. Lissafi ya nuna cewa sai gogayya ta kai wajen kashi 3 cikin 10 na nauyin da ke kan wurin kafin matattarar murɗa ta taso daga ƙasa ta dawo saman fata, alhali a boris mai wadataccen mai ba ta kai kashi 1 cikin 10 ba. Wannan gaskiya ne idan fuskokin sumul suke kamar yadda Hertz ya ɗauka. Amma babu fuskar da ta fito daga injin wasawa ba tare da ƙananan tudu da kwari ba, kuma kowane tudu shi ma wurin haɗuwa ne mai nasa matsi, wanda ya fi na kewayensa nesa. Idan mirginawa ce zalla, tudun wannan fuska yakan sauka a wuri guda a ɗaya fuskar, ya danna sau ɗaya ya tashi. Da zarar zamewa ta shigo, sai tudun ya ja jiki a kan fuskar, ya zama kowane ɗigo na ƙarfe ya sha dannawa da saki sau da yawa a wucewa guda. Lissafin littafi juyi ɗaya ya ƙirga, fatar kuwa ta sha da dama. Daga nan ne dusashewar nan mai launin toka ke fitowa, wadda idan aka duba da madubin ƙara girma za a ga dubban ƙananan ramuka ne. Akwai kuma batun alkibla: fuskar da ta fi jinkiri a cikin biyun ita ta fi tsagewa, domin jan da ake mata yana buɗe bakin tsaga daidai lokacin da ɗan boris ke isowa, mai ya shige, nauyi ya rufe bakin ya matse man a ciki ya tura tsagar gaba. Masu aikin giya sun daɗe da sanin cewa gindin haƙori ne ke fara ramuka. Dalilin ke nan.

Da a nan maganar ta tsaya, da ta zo da sauƙi, sai a ce zamewa abokiyar gaba ce a yaƙe ta. Amma zamewar da ke haifar da tsaga ita ce kuma ke cin ƙarfe, kamar yadda Archard ya auna a 1953 cewa abin da ke zaizayewa yana bin nauyi da tazarar guga, yana raguwa da taurin ƙarfe. Cin ƙarfe kaɗan a farkon aikin boris alheri ne, domin yana aske kawunan tudun nan kafin su gaji, har ma yakan share jaririyar tsaga kafin ta yi jijiya. Shaida mafi ban mamaki ta fito daga kwalejin Imperial ta Landan a shekarun 2000, inda aka nuna cewa sinadarin hana cin ƙarfe da aka fi zubawa a man inji, mai ɗauke da zinki, yana iya ƙara yawan ƙananan ramukan, saboda yana kare kaushin fuska ya hana shi lafawa. Ma'aikatan layin dogo sun koyi darasin da jini. A Oktoban 2000 dogo ya farfashe a ƙarƙashin jirgi a Hatfield ta Ingila, mutum 4 suka rasu, kuma bincike ya nuna tsagar gajiya ce da ta taso daga kafaɗar dogon, inda ƙafar jirgi ke mirginawa tana zamewa. Kafin wannan, a 1997, Kalousek da Magel a Kanada sun riga sun yi bayanin cewa akwai wani gwargwadon cin ƙarfe da ya dace, wanda ya isa ya share tsaga amma bai kai ya cinye dogon ba. Shi ya sa ake bin layukan dogo da injin wasawa ana aske su da gangan.

Mai karatu da ya san ƙasar Saudiyya zai iya cewa, in haka ne ai yashi gata ne. Layin Dammam zuwa Riyad, wanda aka buɗe a 1951 zamanin Sarki Abdul'aziz, yana ratsa rairayin Dahna, kuma layin arewa da ke jigilar ma'adinin fosfat daga Hazmul Jalamid zuwa Ra'asul Khair tun 2011, wanda reshensa na fasinja ya fara tashi daga Riyad a 2017, shi ma hamada yake ketawa. Idan cin ƙarfe na share tsaga, ga iska na kawo abin wasawa kyauta. A kan dogo da ƙafar jirgi akwai ƙanshin gaskiya a maganar, domin inda yashi ya yi yawa cinyewa kan riga gajiya isowa, sai dai farashin shi ne a yi ta kai ƙafafu wurin gyaran siffa. A cikin boris kuwa maganar ba ta tsayuwa ko kaɗan. Ƙafar jirgi na da ƙarfen da za ta yi asararsa milimita da yawa kafin a jefar da ita. Boris kuwa da maikiron ake auna siffarsa. Kuma tun da zamewa ba daidai take a faɗin wurin haɗuwa ba, cinyewar ma ba daidai take ba. Inda ake zamewa ya lotsa, layukan nan biyu na Heathcote da ba sa zamewa su tsaya a matsayin ƙunya, nauyin duka ya koma kansu, daga bisani su ne ke ɓarewa. Duk wanda ya taɓa buɗe boris mai 'ya'ya masu tumbi da ya yi aiki cikin ƙura a hankali a ƙarƙashin nauyi ya ga waɗannan ƙunyoyi biyu da idonsa. A nan cin ƙarfe bai hana gajiya ba, shi ya share mata hanya.

Ga kuma abin da ƙwayar yashi ke yi ita kanta. Yawancinta ma'adinin kwaz ne, wanda ya fi ƙarfen boris tauri, kuma ƙurar da ke iya wuce sil ta ninka kaurin shimfiɗar mai sau da yawa. Idan ɗan boris ya taka ta, takan bar rami mai tasasshen baki, bakin nan kuma ya zama sabon tudu da za a yi ta dannawa, zamewa na ƙara masa ja. Sayles da Macpherson sun nuna a 1982 cewa sauya matatar mai daga mai tare maikiron 40 zuwa mai tare maikiron 3 na ninka ran boris sau da dama, kuma abin da ya fi tayar da hankali, boris ɗin da ya yi ɗan gajeren aiki da gurɓataccen mai bai farfaɗo ba ko da aka mayar da shi kan mai tsabta. Ramukan sun riga sun zauna. A garin da guguwar ƙura irin ta 10 ga Maris 2009 kan rufe rana tsaka, ma'anar wannan ita ce buɗe gidan boris a fili na rabin sa'a na iya yanke hukuncin shekaru. Zafi kuma ta ɗaya gefen yake ɓullowa. Bazarar Riyad kan haura digiri 43 a inuwa, mai na tsinkewa da zafi, shimfiɗarsa ta sirance, tudun fuskoki su fara taɓa juna. Ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce ran giris na raguwa da rabi a duk ƙarin digiri 15 sama da 70, kuma injin da ya fara aikinsa daga iskar da ta riga ta yi zafi ba ya daɗewa bai haye wannan iyaka ba.

Martanin da aka saba yi wa irin wannan yanayi shi ne a sayi boris mafi girma don a samu kwanciyar hankali, kuma wannan ne wurin da tsohon lissafi ya fi yaudara. A takarda, ƙara girma na ninka rai. A zahiri, 'ya'yan boris ba su da abin da ke juya su sai jan da zobe ke yi musu, jan kuma daga nauyi yake zuwa. Idan nauyi ya yi kaɗan, 'ya'yan suka yi girma, giris ya yi kauri, sai su rage gudu a sashen da babu nauyi, su shigo sashen nauyi a makare, zobe ya fizge su cikin ƙiftawar ido. A wannan fizga shimfiɗar mai kan yage, ƙarfe ya yi zafi ya manne ya ɓalle, a bar tabo kamar an shafa. Masu injin jirgin sama ne suka fara shan wannan wahala, shi ya sa littattafan kamfanoni suke gindaya mafi ƙarancin nauyi, wajen kashi 1 cikin 100 na ƙarfin boris mai ƙwallaye, kashi 2 ga mai ganguna, sharaɗin da ke can cikin shafukan da ba kowa ke kaiwa gare su ba. Jiragen cikin garin Riyad, layuka 6 masu tsawon kilomita 176 da tashoshi 85, aikinsu ke nan tashi da tsayawa, kuma saurin sauya gudu na daga manyan abubuwan da ke sa 'ya'yan boris na injin lantarki su kasa bin zobe. Haka nan injunan iska, irin 99 ɗin da ke Dumatul Jandal a arewacin ƙasar: a faɗin duniya wannan masana'anta ta yi fama da wata tsaga mai farin gefe da ke kashe boris na akwatin giya tun bai ci rabin lissafinsa ba. Har yau ana jayayya kan asalinta, wasu na ɗora laifin kan iskar haidirojin da ke shiga ƙarfe, wasu kan ɓatacciyar wutar lantarki, wasu kan sinadaran mai, amma zamewa na cikin kusan kowane bayani, kuma tana cikin hanyoyin da ake bi a haifar da tsagar a ɗakin gwaji.

Ƙalubale na ƙarshe shi ne na masu cewa an riga an gyara. Ioannides da Harris sun sake gina lissafin a 1985, suka shigar da iyakar matsin da ƙarfe mai tsabta ba ya gajiya a ƙasa da ita, kuma ma'aunin ISO 281 na 2007 ya ƙara gyara na kaurin mai da na datti. Ci gaba ne na gaske, kuma injiniyan da ya cika waɗannan gurabe da gaskiya, ya sa zafin Riyad da ƙurarta maimakon na ɗakin gwaji a Turai, zai ga lissafin ransa ya faɗi warwas, wanda hakan ma amfani ne. Amma a lura da yadda gyaran yake: lamba guda ce ake ninka tsohuwar amsa da ita. Babu gurbin da za a rubuta yawan zamewa, ko alkiblarta, ko yadda siffar zobe za ta sauya bayan shekara biyu tana cinyewa. Mutuwar sama da ta ƙasa an cure su wuri ɗaya alhali dalilansu daban. Sai a 2015 Morales-Espejel da abokan aikinsa a SKF suka fitar da tsarin da ya raba su, kowace da nata lissafi, kuma wannan tsarin kamfani ne, bai zama abin da kowa ya yi ittifaƙi a kai ba. Na yarda cewa galibin boris na duniya sukan kai injinsu ga ritaya lafiya lau, don haka mai cewa tsohon lissafi ya wadatar ba ƙarya yake yi ba game da fankar ɗaki. Waɗanda ke dawowa teburin bincike tun kafin lokacinsu su ne na wuraren da aka ambata a sama.

Abin da ya rage a hannun mai kula da injuna, kafin masana su daidaita, shi ne karanta gawar boris kafin a jefar da ita. Ma'aunin ISO 15243 ya rarraba nau'o'in lalacewa, kuma ya raba gajiyar da ta taso daga ƙasa da wadda ta taso daga sama, ya raba cin ƙura da mannewar ƙarfe. Ɓawon da ya ɓantare mai zurfi da tsayayyun gefuna maganar nauyi yake yi. Dusashewa mai launin toka na nufin shimfiɗar mai ta sirance. Rami mai siffar kan kibiya da ya faro daga lotsawa ƙura ce ta shigo, sai a duba sil da yadda ake ɗura giris. Tabon shafa a mashigar sashen nauyi kuwa yana cewa boris ɗin ya fi ƙarfin aikin da aka ba shi, kuma maganinsa ƙarami ne za a sa, ko a ɗan matse shi da sifirin, ko a sauya zuwa giris mai laushi.